Yadda Hasken Leza Ke Auna Wuta da Gano Yoyon Gas

Kontagora (Jihar Neja) – Maƙerin da ke sana'arsa a Kontagora ba ya ajiye ma'aunin zafi kusa da zugazuginsa. Launin ƙarfen yake duba. Idan ya yi ja ya san da saura, idan ya koma ruwan ɗorawa sai ya ciro shi ya ɗora bisa uwar maƙera. Bakaniken da ke bakin hanyar Yawuri shi ma da hayaƙin salansa yake gane ciwon inji: baƙin hayaƙi na nufin fetur ya yi yawa iska ta yi kaɗan, mai shuɗi-shuɗi kuma alama ce ta baƙin mai na ƙonewa. Mai ɗura gas ɗin girki kuwa ruwan sabulu yake shafawa a bakin tukunya, in ya ga kumfa na tashi ya san akwai yoyo.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma da wannan kimar aka daɗe ana sarrafa wuta a ƙasar nan. Sai dai wutar da Najeriya ke shirin dogaro da ita yanzu ta wuce a yi mata kintace. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ayyana shekaru goma na bunƙasa iskar gas, arzikin da ƙasar ke da fiye da kubik fit tiriliyan 200 nasa a ƙarƙashin ƙasa. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, an kafa shirin Shugaban Ƙasa na mayar da ababen hawa su koma amfani da gas ɗin CNG. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a ranar 30 ga Yunin 2020, ya ratsa ta wani ɓangare na Jihar Neja. Ko wutar lantarkin ƙasar ma, duk da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru da jihar ke taƙama da su, mafi yawanta daga tashoshi masu ƙona gas take fitowa.

Gas ba shi da launi, wani ma ba shi da wari. Ƙonewarsa a cikin inji ko tanderun masana'anta na faruwa ne a wurin da hannu ba ya kaiwa, cikin saurin da ido ba ya iya bi. Wannan ne ya sa injiniyoyi suka koma ga haske, suna haska shi ta cikin wutar ko iskar, su karanta abin da ya fito ta ɗaya gefen.

Me ake nema a auna?

Ƙonewa haɗuwa ce tsakanin makamashi da iskar oksijin, kuma haɗuwar tana da mudunta. Gas ɗin CNG da wanda ke bin bututu galibinsa iska ce da ake kira metan. Mudu ɗaya na metan na buƙatar kusan mudu goma na iskar da muke shaƙa kafin ya ƙone sarai, ya koma tururin ruwa da kabon dayoksayid. A injin fetur kuwa, kowane giram ɗaya na mai yana son kimanin giram 14.7 na iska.

Idan iskar ta gaza, ƙonewar ba ta kammala. Daga nan baƙin tukunya da kunkunniya ke samuwa, daga nan kuma kabon monoksayid ke fitowa, gubar nan marar wari da ke kashe iyali guda a cikin dare idan aka kwana da janareta ko gawayi a rufaffen wuri. Tana kama jinin mutum fiye da yadda oksijin ke kama shi da ninki sama da 200. Idan kuma iskar ta yi yawa, wutar za ta yi tsabta amma a yi asara, domin zafin da aka saya da kuɗi zai ƙare wajen ɗumama iskar da ba a buƙata, ya bi bututun hayaƙi ya fice. Tsakanin guba da asara akwai ɗan siririn fili, kuma a cikinsa ake son tukunyar tururi ta masana'anta ko tanderun siminti su tsaya dare da rana.

Akwai kuma awo na biyu, wanda ya shafi rai kai tsaye. Gas ba ya kamawa da wuta sai yawansa a cikin iska ya shiga wani tsakani. Metan na kamawa ne idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wuri. Gas ɗin girki yana farawa tun daga wajen kashi 2, tururin fetur kuwa tun kafin ya cika kashi ɗaya da rabi. Jihar Neja ta ga abin da wannan ke nufi a ranar 18 ga Janairun 2025 a mahaɗar Dikko da ke Ƙaramar Hukumar Gurara, inda tankar fetur ta faɗi, wuta ta tashi yayin da ake ƙoƙarin juye man zuwa wata tankar ta amfani da janareta, mutane fiye da 80 suka rasu. Abin da ya fara kamawa a irin wannan yanayi ba man da ke kwance a ƙasa ba ne, tururinsa ne da ya riga ya gauraye da iskar da jama'a ke tsaye a cikinta.

Kowace iska da zangonta

Tushen wannan ilimi ya girmi leza da fiye da ƙarni guda. A 1814 wani Bajamushe mai sana'ar gilashi, Joseph von Fraunhofer, ya tsaga hasken rana zuwa launukan bakan gizo, sai ya ga ɗaruruwan baƙaƙen layuka sirara a cikinsu, kamar an cire wasu zaruruwa daga saƙa. Sai wajen 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen na Jami'ar Heidelberg suka gano dalili: kowane sinadari yana da launukan haske nasa na kansa da yake fitarwa idan ya yi zafi, kuma su ne dai yake shanyewa idan haske ya ratsa ta cikinsa. Uwargidan da miya ta taɓa zubo mata a kan murhun gas ta ga wannan da idonta, domin harshen wutar mai shuɗi kan koma ruwan ɗorawa nan take. Gishirin miyar ne ke nuna launinsa.

Mai sauraron rediyo zai fi kowa saurin fahimtar sauran bayanin. Haske, kamar saƙon rediyo, yana tafiya ne a bisa zango, kuma kowane launi da tsawon zangonsa. Bambancin shi ne zangon rediyo da mita ake auna shi, na haske kuwa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon mutum na ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 da 700 ne kawai. Sama da haka akwai hasken da ba a gani, irin wanda rimot ke aika wa talabijin, kuma a nan ne yawancin iskokin ƙonewa ke da tashoshinsu. Oksijin na shan haske a wajen nanomita 760, tururin ruwa a wajen 1,390, metan a 1,653, kabon monoksayid kuma a wajen 2,300.

Fitilar hannu ko ƙwan lantarki tamkar rediyo ne da ke kama dukkan tashoshi lokaci guda. Leza kuwa, wadda Theodore Maiman ya fara kunnawa a Kalifoniya ta Amurka a ranar 16 ga Mayun 1960, haskenta zango ɗaya ne tak, siriri, yana tafiya miƙe ba ya bazuwa. Ƙananan lezoji na zamani, waɗanda ƙwayarsu ba ta kai ƙwayar gero ba, ana iya ɗan gusa zangonsu gaba da baya ta hanyar sauya ƙarfin lantarkin da ake ba su, kamar yadda ake murɗa rediyo a wuce tasha a dawo.

To haka na'urar ke aiki. A gefe guda na bututun hayaƙi akwai leza, a ɗaya gefen akwai idon lantarki mai auna hasken da ya iso. Lezar na ta kai-kawo a kan zangon iskar da ake nema, sau ɗaruruwa ko dubbai a cikin daƙiƙa guda. Duk lokacin da ta zo daidai kan zangon, hasken da ke isowa sai ya ragu, domin iskar ta sha wani kaso. Gwargwadon raguwar, gwargwadon yawan iskar a hanya. Ƙa'idar lissafin tsohuwa ce, tana ɗauke da sunayen Johann Lambert da August Beer, waɗanda suka yi rubutu a kanta a 1760 da 1852. Wani abin da ke ƙara wa hanyar aminci shi ne, na'urar tana kwatanta hasken da ke kan zango da wanda ke gefensa a kowane zagaye, saboda haka ko ƙura ta ɗan dusashe gilashinta, lissafin ba ya rushewa muddin wani haske na wucewa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara juya irin wannan leza zuwa cikin harshen wuta shi ne Farfesa Ronald Hanson na Jami'ar Stanford, tun a shekarun 1970. A wancan lokaci kayan aikin sai babban ɗakin bincike, kuma sai an sanyaya lezar da sanyi mai tsanani kafin ta yi aiki. Abin da ya karya farashinta daga baya bai da alaƙa da wuta: kamfanonin sadarwa ne suka shiga ƙera miliyoyin ƙananan lezoji domin wayoyin gilashi masu ɗaukar intanet, aka kuma yi sa'a zangon da suke aiki a kai yana maƙwabtaka da na metan da na tururin ruwa.

Zafi da gudu, ba tare da an taɓa ba

Harshen wutar metan a cikin iska kan kusanci digiri 1,950 a ma'aunin Salshiyos, zafin da ya wuce inda ƙarfe ke narkewa. Sandar auna zafi da aka cusa a irin wannan wuri ba ta daɗewa, kuma ko ta jure, shigarta kaɗai na sauya yadda wutar ke ci, sai ya zama ana auna abin da aka riga aka ɓata. Haske ba ya narkewa, ba ya tare hanya.

Dabarar auna zafi da leza ta dogara ne ga tururin ruwa, wanda ba a rasa shi a duk inda mai ko gas ya ƙone. Tururin yana da zanguna masu yawa da yake shan haske a kansu. Wasu suna ƙara ƙarfi idan zafi ya ƙaru, wasu suna raguwa. Idan aka auna biyu masu saɓanin hali lokaci guda aka kwatanta su, sakamakon zai faɗi zafin wurin. Wannan dai shi ne karatun launi irin na maƙeri, sai dai an mayar da shi lamba, ana kuma maimaita shi sau dubbai kafin ƙiftawar ido.

Gudun iska kuma ana gane shi ta wata ɗabi'a da duk mazaunin bakin titi ya sani. Jiniyar motar da ke tahowa tana da kaifin sauti, da ta wuce sai sautin ya yi kauri. Haske ma haka yake: wanda ya dawo daga abin da ke tafiya, zangonsa kan ɗan gusa. A 1964 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Columbia, Yeh da Cummins, suka nuna cewa za a iya auna gudun ruwa ta wannan hanya. A yau akan watsa ƙananan ƙwayoyi kamar ƙura a cikin iskar da ke shiga inji, a haska su da leza, a ɗauki hotuna biyu a jere cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, kwamfuta ta lissafa inda kowace ƙwaya ta nufa da saurinta. Da irin waɗannan awo ake gyara fasalin injinan jiragen sama da na tashoshin lantarki domin su rage shan mai da fitar da hayaƙi.

Fasahar ta kai har duniyar Mars. Motar binciken Curiosity ta hukumar NASA, wadda ta sauka can a watan Agustan 2012, tana ɗauke da irin wannan na'ura, inda hasken ke kai-kawo sau 81 tsakanin madubai biyu domin ya tsawaita hanyarsa a cikin ɗan ƙaramin akwati. A watan Yunin 2019 ta auna metan da bai wuce kashi 21 cikin biliyan ba.

Bututu da wutar da ba ta mutuwa

A Najeriya, wurare biyu ne buƙatar ta fi fitowa fili. Na farko shi ne yoyo. Akwai na'urar hannu mai kama da babbar tocila, wadda ma'aikaci zai tsaya daga nesa, kimanin mita 30, ya haska mahaɗar bututu ko bango. Hasken zai bugi bangon ya dawo, idan kuma ya ratsa gajimaren metan a hanya, na'urar za ta yi ƙara ta nuna lamba. Ba sai mutum ya shiga cikin gas ɗin ba kafin ya san yana nan, wanda shi ne babban aibin tsofaffin na'urori masu shaƙar iska. Ana ɗora irinta a kan mota ko jirgi marar matuƙi, a Jamus ma da jirgi mai saukar ungulu ake bin dogayen bututai ana dubawa daga sama. Ga bututun da ya ratsa dazuzzuka da gonaki na ɗaruruwan kilomita, a yankunan da matsalar tsaro ta sa tafiya a ƙasa ke da haɗari, amfanin wannan a bayyane yake.

Na biyu shi ne gas ɗin da ake ƙonawa a banza a filayen mai na yankin Neja Delta. Najeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yin hakan a duniya bisa ƙididdigar Bankin Duniya, ta kuma yi alkawarin daina shi nan da 2030. Hukumar NOSDRA tana da manhajar bibiyar waɗannan wutace ta tauraron ɗan'adam, wanda ke ganin haskensu da dare a ƙiyasta yawan gas ɗin da ya ƙone. Abin da ke da wuyar gani daga can shi ne gas ɗin da ya kuɓuce bai ƙone ba. An daɗe ana lissafi a kan cewa irin wannan wuta na cinye kashi 98 cikin 100 na metan. Amma wani bincike da masana na Jami'ar Michigan suka jagoranta, wanda mujallar Science ta buga a 2022, ya bi hayaƙin wutacen manyan filayen mai uku na Amurka da ƙaramin jirgin sama mai ɗauke da na'urorin auna iska, ya gano cewa abin da ke ƙonewa kusan kashi 91 ne, saboda wasu wutacen ba sa ci da kyau, wasu ma a mace suke gas na fita. Ke nan metan da ke tserewa ya kusa ninki biyar na abin da ake rubutawa. Lamarin ba ƙarami ba ne, ganin cewa a tsawon shekaru 20 metan na riƙe zafin duniya fiye da kabon dayoksayid da ninki sama da 80.

A watan Nuwamban 2022 hukumar NUPRC mai kula da haƙar mai ta fitar da ƙa'idojin rage fitar metan, waɗanda suka wajabta wa kamfanoni duba yoyo a kai a kai da gyara shi, suka kuma gindaya kashi 98 ɗin nan a matsayin mizanin da wutar ƙona gas za ta cika. Doka ce mai kyau a takarda. Ƙarfinta zai dogara ne ga ko mai sa ido yana da abin awo nasa, ko kuwa lambar da kamfani ya kawo masa zai karɓa.

Inda lezar ba ta kaiwa

Kuskure ne a ɗauka cewa na'ura ɗaya na ganin kowane gas. Ƙarfin leza shi ne kuma iyakarta: zangon da aka saita ta a kai kaɗai take gani. Na'urar da aka ƙera domin metan za ta gano yoyon motar CNG, amma za a iya haska ta a kan tukunyar gas ɗin girki mai yoyo ta yi shiru, domin gas ɗin girki haɗin wasu iskoki ne daban, furofen da butan. Halinsu ma ya bambanta. Metan ya fi iska sauƙi, sama yake yi ya taru a ƙarƙashin rufi. Gas ɗin girki da tururin fetur sun fi iska nauyi, ƙasa suke bi su kwanta a lungu da kwata da rami. Duk hukumar kashe gobara ko mai tashar gas da zai sayi na'ura, tambayar farko ita ce wane gas aka yi ta dominsa.

Haka kuma leza ba ta gano raunin ƙarfe. Tukunyar CNG na ɗaukar matsin da ya kai ninki 200 na matsin iskar sarari, kuma fashewar da aka samu a wata tashar gas a Benin a watan Oktoban 2024 an danganta ta ne da tukunyar da ba ta cika ƙa'ida ba. Wannan aikin gwajin tukwane ne da lasisin masu juya injin, ba na haske ba.

Sai yanayin Arewa. Ƙurar hunturu da hazo na rage nisan da haske ke kaiwa, suna kuma toshe gilashin na'ura, zafin bazara na takura kayan lantarkinta, kuma lambar da take bayarwa matsakaici ne na duk abin da ke kan hanyar hasken, ba ta nuna takamaiman inda gas ya fi taruwa sai an haska ta kusurwoyi da dama. Tana buƙatar a riƙa gwada ta lokaci-lokaci da gas ɗin da aka san yawansa. Na'urar da aka sayo da tsada aka ajiye a ofis babu mai gwada ta, ta fi rashinta haɗari, domin shirunta zai sa a saki jiki. A nan ne ake buƙatar masu fasaha da aka horar a gida, irin waɗanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ke da hurumin samarwa.

Ga magidanci a Kontagora kuwa, ba leza yake buƙata a kicin ba. Warin da ke tashi idan gas ɗin girki ya yi yoyo da gangan ake zuba shi, wani sinadari ne mai ɗoyi da aka fara wajabtawa a Amurka bayan fashewar gas ta kashe kusan mutum 300, yawancinsu yara, a wata makaranta a jihar Texas a 1937. Hanci da ruwan sabulu na kama mafi yawan yoyon gida. Kabon monoksayid ne ba ya da wari ko kaɗan, kuma na'urar da ke ƙara idan ya taru a ɗaki ƙarama ce mai aiki da batir, ba ta amfani da leza, ana maƙala ta a bango kusa da wurin kwana.